Malamar Aji Ɗaya

(Laccar da aka gabatar a taron tsofaffin ɗaliban makarantar firamare, don tunawa da marigayiya Malama)



Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Shugaban taro, ranka ya daɗe. Iyayenmu mata da ke wancan ɓangaren, 'ya'yan marigayiya da jikokinta, malamai na da da na yanzu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, barkanmu da war haka, barkanmu kuma da sake ganin juna.

A takardar da kwamiti ya aiko mini, cewa aka yi in yi magana a kan kyawawan halayen Malama. Zan taɓa su, amma ba a nan zan yada zango ba. Tun ranar zaman makoki aka faɗe su: haƙuri, kunya, kyauta, son yara. Duk gaskiya ne. Sai dai garin nan bai taɓa rasa mata masu haƙuri da son yara ba, kusan kowane gida akwai su, kuma ba mu taɓa kafa rumfa don ɗayarsu ba. Abin da ya tara mu yau shi ne Malama ta iya aikinta. Ta iya ɗaukar yaro ɗan shekara shida da bai taɓa riƙe alli ba, ta mayar da shi mai karatu. Wannan sana'a ce, koyonta ake yi kamar ƙira, kuma mai iya ta daban yake da mai kwaikwayo.

Yawancinmu da ke zaune a nan 'yan UPE ne. Janar Yakubu Gowon ne ya yi shelar shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1974, lokacin da kuɗin mai ke kwarara, Janar Olusegun Obasanjo kuma ya ƙaddamar da shi a watan Satumba na 1976. Masu tsara shirin sun yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai ga sama da miliyan 3 a bakin ƙofa. Mu a nan, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, don sai 1987 aka yi Jihar Katsina, mun ga namu rabon na wannan ambaliya. Ba mai takardar haihuwa. Sai dai a ce ka ɗora hannun dama bisa kai ka kamo kunnen hagu. In ka kamo, ka isa. Waɗansu sun kamo har da rara, don sun kusa shekara goma. Waɗansu kuma ba a gan su ba sam, an ɓoye su a rumbu ko an tura su ruga wajen kawu har sai yaran dagaci sun gama zagaye.

Malamai ba su isa ba. An ɗebo waɗanda suka gama aji bakwai, aka ba su ɗan horo na gaggawa, aka miƙa musu alli. Saboda wannan giɓin ne ma aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976. A makarantarmu masu cikakkiyar takardar malanta mai daraja ta biyu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, Malama na cikinsu. Ta yi shekara biyar a kwalejin horon malamai mata, wadda kowa ya fi sani da WTC. A nan hedimastanmu na lokacin, Allah ya jiƙansa, ya yanke wani hukunci da har yau nake jinjina masa. Bai kai ta aji shida ko bakwai ba, inda ake shirin jarrabawar shiga sakandare, inda kuma sufeto ya fi leƙawa. Aji ɗaya ya ba ta. Yau ku zaga makarantun ƙaramar hukumar nan ku tambaya wa ke riƙe da aji ɗaya. Sau da yawa za ku tarar wanda aka rasa inda za a kai shi ne.

Ajinmu ya haura mutum saba'in. Ɗakin bai ɗauke mu ba, don haka rabin yini a gindin darbejiya muke. Makonnin farko ba mu taɓa allo ba. Kowa ya share ƙasar gabansa da tafin hannu ya yi lumui, Malama ta zana baƙi a iska, mu kuma mu zana a yashi da ɗan yatsa. Ba ta zama. Bayan layi take bi, wani lokaci da goyo, tana duƙawa ta kama yatsan yaro ta ja shi: "Daga sama za ka faro, ɗan nan, ka sauko, sannan ka yi masa ciki." Kalmar farko da kowannenmu ya karanta a duniya sunansa ce. Ta yanka kwalin sukari, ta rubuta wa kowa sunansa da manyan baƙaƙe, ta barbaza su a tabarma. Da safe ba ka zama sai ka tsinto naka. Allon bangon ma ita ke gyara shi duk Asabar, da baƙin cikin tsohon batir da aka kwaɓa da ƙaro.

Ga abin da nake so malaman da ke nan su riƙe. Dukkanmu daga makarantar allo muka fito, kanmu ya saba da hadda. A faɗi abu sau uku, mun ɗauke. Saboda haka in malami ya tsaya gaban allo yana nuni da sanda, aji na amsawa da murya ɗaya har ana ji a bakin kasuwa, sai ya ɗauka an iya. Alhali mutum biyar ne ke karantawa, sauran bakinsu suke bi. Malama ba ta yarda da amshi ba. Ba ta raina hadda ba, ita ma mahaddaciyar izu da dama ce, amma ta san hadda daban, gane baƙi daban. In an tashi tara, sai ta riƙe mutum huɗu ko biyar, ta kira su ɗaya bayan ɗaya gaban teburinta. Ta buɗe littafin Ka Koyi Karatu, ta sa yatsa a kalmar ƙarshe ta shafi, ta yi tsalle zuwa tsakiya, ta dawo sama. In ka fara rero shafin daga farko, sai ta rufe littafin a hankali ta ce, "Wannan da ka ka ɗauko shi. Da ido nake so." Tana da wani ɗan littafi mai bangon ruwan ƙasa da take ɗaurawa a gefen zane, kowane yaro da shafinsa, da baƙaƙen da ke ba shi wahala. Na wane yana juya b da d. Na wance ba ta sa wa ƙ lanƙwasa. Kafin wata ya zagayo ta saurari kowa shi kaɗai. Ba na'ura a cikin wannan, ba kuɗi. Lokacin shan kununta ne take ba mu.

Lissafi kuwa da tsinken tsintsiya muka fara, a ƙirga goma a ɗaure da zare, ɗauri goma ya zama ɗari. Ku tuna naira ba ta daɗe da zuwa ba, a 1973 aka canza kuɗi, kuma tsofaffi na nan kan fam da sule da sisi. Fam ɗaya naira biyu, sule kwabo goma, sisi kwabo biyar. A kasuwa ana ta rikici a kan haka. Sai Malama ta buɗe kanti a kusurwar aji da gwangwanayen madara da kwalayen ashana da murafun kwalba a madadin kuɗi. Su wa ta ɗora a kan kantin? 'Yan talla. Yaran da ake wa kallon daƙiƙai saboda kullum a makare suke zuwa suna warin man ƙuli, sai ga shi ba mai kama ƙafarsu wajen ba da canji. Ɗan alƙali ya tsaya yana ƙirga yatsu, 'yar mai fura ta riga ta miƙo masa ragowarsa. Daga ranar zaman ajin ya sauya.

Kada yaran yanzu su ɗauka waliyyiya nake ba su labari. Tana da tsumagiya, kuma ba don ado ba. Ƙarya, cin zali da ƙazanta, waɗannan ba ta ɗaga ƙafa. Ranar Litinin da safe sai an miƙa farce, an buɗe haƙora, an duba kai. Ta kuma tilasta wa bahagwai rubutu da dama, kamar yadda kowa ke yi a zamanin, kuma akwai wanda ke zaune a layi na biyu can da har yau rubutunsa ke ba da shaida. Turancinta ma ba irin na rediyon Landan ba ne. Amma ban taɓa ganin ta doki yaro don bai gane ba. Rashin ganewa, a wajenta, aikinta ne ya rage.

Sannan akwai abin da malami namiji ba zai iya ba komai ƙwazonsa. Shi iyakarsa zaure. Ya yi sallama, maigida ya fito, a gaisa, a ce yarinya ba ta da lafiya, ya juya. Malama kuwa har ƙuryar ɗaki. Ta san ba maigida ke hana 'ya mace zuwa makaranta ba a yawancin gidaje. Farantin talla ne. Uwa tana kulle, jarinta na hannun 'yarta, kuma da ribar tallan nan za a tara kwanuka da tasoshi da gado na ranar aure. Ka ce mata ta bar yarinya ta tafi boko, ka ce mata ne ta kai 'yarta ɗakin miji hannu rabbana, ta zama abin zunɗe wajen kishiyoyi da dangin miji.

Akwai wata maƙwabciyarmu mai ƙosai, 'yarta ajinmu ɗaya, ta yi mako ba ta zo ba. Da la'asar ina tsakar gidan an aike ni, sai ga Malama da mayafi. Ta zauna bakin murhu, ta jawo ƙwaryar wake ta hau surfe tare da matar, aka gaisa, aka tambayi jego, aka tambayi tsohuwa. Can ta ce, "Yaya, ina ɗiyata?"

Matar ta ce, "Malama, ke ma uwa ce. In ta tafi wa zai fitar mini da ƙosan? Ubanta ba shi zai yi mata kayan ɗaki ba."

Malama ta ce, "Gaskiyarki. To ta fita da na asuba, ta sayar. In ta makara ba mai dukanta, na ɗauki wannan. Ragowar kuma ta taho da shi makaranta, mu malamai ai muna karyawa."

Haka aka yi. Ta je ta shawo kan hedimasta, 'yan talla suka sami izinin shigowa bayan an kaɗa ƙararrawa, farantansu a jere bayan aji an rufe da faifai. Wani zai ce ai wannan karya doka ne. Ni ina ganin dokar da za ta kori yarinya saboda ta makara da rabin awa, gara a tanƙwara ta. Inda kuma ta haɗu da uba mai cewa karatun mace bidi'a ce, ba ta musu da shi da Turanci. Ta durƙusa daga bakin zaure ta ce, "Allah gafarta Malam, ai mu a wajenku muka ji labarin Nana Asma'u." Ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ita ta naɗa malamai mata da ake kira jajis, ta ɗora musu malfa, suka riƙa bin ƙauyuka suna karantar da mata 'yan taru. Malamin da ya san wannan, kuma duk sun sani, ba ya iya cewa fitar mace neman sani baƙon abu ne a ƙasar nan. Ba kullum ta yi nasara ba. Akwai waɗanda aka cire a aji huɗu, ta je ta yi roƙo, ta dawo ta ja layi a rajista.

Ranar Juma'a kafin a tashi take buɗe akwatin ƙarfenta. A ciki akwai Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi da Ganɗoki, duk ta yi musu bango da takardar buhun siminti. Ta karanta mana har labari ya kai inda numfashi ke ɗaukewa, sai ta rufe ta mayar akwati. A yi ta magiya. Ta ce wanda ke son jin ƙarshe ya zo ya karanta mata shafi ɗaya ba gargada, ya tafi da littafin gida har Litinin. Da wannan dabarar ta ja mu har bayan mun bar ajinta. 'Yan aji uku da huɗu na layi a ƙofarta. Ita ta fara gaya mana cewa Abubakar Imam malamin makaranta ne a Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Haka Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano da Shehu Shagari, duk da alli suka fara. Tana faɗin wannan da wani irin alfahari da ban cika ji a bakin malaman yanzu ba.

Duk wannan da Hausa aka yi shi. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, kuma tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon firamare, ba su kuwa kasa a Turanci ba. Malama ba ta jira takardar manufa ba. Ta san wanda ya iya haɗa baƙi da wasali a harshen da yake mafarki da shi, in ya zo Turanci kalmomi kawai zai nema. Yanzu muna biyan kuɗi masu nauyi a makarantun da ake cin tarar yaro in ya yi Hausa, ya gama aji shida Turancin bai nuna ba, wasiƙar kakarsa kuma ba ya iya karantawa.

In ana maganar tasirin malami, al'adarmu ita ce a fara lissafo likitoci da alƙalai da kwamishinoni. Muna da su, ga su nan a kujerun gaba, Allah ya ƙara ɗaukaka. Amma waɗannan malamai da yawa sun sa musu hannu, wasunsu ma ko a ina suka faɗa za su tsira. Ni in ana neman aikin Malama, wancan ɓangaren nake kallo. Matan da suka gama aji shida a 1982, aka ɗaura musu aure kafin sakamako ya fito. Ba su da takardar da za su rataya a bango. Amma sun karanta katin awo da na rigakafi da kansu. Sun san cokali nawa aka rubuta a jikin kwalbar magani. Wasiƙar miji daga ci-rani a Legas ko Fatakwal ba a kai ta zauren wani ya ji sirrin gida ba. Sun riƙe littafin adashi ba a cuce su ba. Su ne kuma, da ire-irensu a duk Arewa, suka zama kasuwar littattafan da suka ɓarke daga Kano tun daga shekarun 1980, na su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Ko kana son littattafan nan ko ba ka so, sai da aka sami mata masu karatu a cikin ɗaki kafin a sami masu rubuta musu. Waccan 'yar mai ƙosan tana nan tare da mu, ba zan nuna ta ba. 'Ya'yanta mata duk sun gama sakandare, ɗaya ungozoma ce a asibitin garin nan. Ba wanda ya je surfe gidanta kafin ta tura su.

To me Malama ta samu? Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu, sannan shirin gyaran tattalin arziki na SAP ya zo a 1986, malaman firamare ne suka fara ji a jika. Albashi ya riƙa yin watanni bai zo ba. Maza da yawa suka ajiye alli suka kama kasuwa ko siyasa. Har ta kai ana yi wa malamin makaranta dariya in ya je neman aure ko hayar ɗaki, ana ce masa ladansa na lahira. Ita ta zauna, da keken ɗinki da saƙar hulunan jarirai take cike giɓi. Bayan ta yi ritaya, ni da idona na gan ta a layin tantance 'yan fansho, cikin rana, da fayil a hannu, tana jiran wani yaro da bai kai ɗanta ba ya tabbatar tana da rai. Cikin waɗanda suka wuce ta a mota a ranar, ba mamaki akwai wanda ita ta kama wa yatsa.

A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba. An yi ta yawo da takardunsu a waya ana dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Ba su suka ɗauki kansu aiki ba; wani ne ya ba da sunayensu a matsayin kason siyasa. An rufe kwalejojin horon malamai masu daraja ta biyu, aka ce sai mai takardar NCE ta kwalejin ilimi, wanda a takarda ci gaba ne, amma aka rasa irin tarbiyyar nan ta shekara biyar da ke koya wa mutum yadda ake tsayawa gaban ƙananan yara. A 2022 an sa hannu a dokar da ta kai shekarun ritayar malami 65, ko shekara 40 a bakin aiki. Madalla. Sai dai tsawaita zama ba ya mayar da wanda bai iya ba gwani. Kuma kafin mu ɗora wa gwamnati duka, ina da tambaya biyu, ba sai an ɗaga hannu ba. Cikinmu wa ke da ɗa ko jika a wannan makarantar yau? Wa kuma 'yarsa ta ci jarrabawa da kyau ya ce mata ta je ta karanci koyar da firamare?

Na ji kwamiti na shawarar gina babbar ƙofa da sunan Malama a sama. Shugaba, a gafarce ni, ina da ja. Jiya na shiga aji ɗaya. Yara sun fi namu na 1976 yawa, malama ɗaya ce, yarinya ce sabuwar ɗauka, kuma na ga alamar tana so ta iya. Littafin karatun Hausa da ke ajin bai kai a raba wa layi ɗaya ba. Kuɗin ƙofar nan zai saya wa kowane yaro a aji ɗaya da biyu littafinsa, ya sa tabarmi, ya kuma ba malamar ɗan abin da zai hana ta neman canji zuwa ofis. In da saura, a ɗauki nauyin 'yan mata biyu 'yan garin nan zuwa kwalejin ilimi, da sharaɗin su dawo nan. Muna kuma da malamai 'yan fansho a cikinmu, waɗanda suka yi aiki tare da Malama suka ga yadda take yi. Ina roƙonsu, Allah ya ba su lada, su riƙa shigowa sau ɗaya a mako lokacin tara, su zauna da yara ɗaya bayan ɗaya, su sa yatsa a ƙasan shafi. Ƙarshen zango a kawo wa wannan ƙungiya sunayen waɗanda suka iya da waɗanda suka rage, ba maki ba, sunaye.

Babbar 'yar marigayiya ta shaida mini akwatin ƙarfen yana nan, kuma iyali sun yarda a dawo da shi makaranta in za a sami mai kula da shi. Ma'aji yana bakin rumfa da rajista, wanda ya yi niyya ya biya ta wajensa kafin a watse.

Allah ya jiƙan Malama, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka makwancinta, ya albarkaci bayanta. Liman, Allah gafarta Malam, bismilla a rufe mana da addu'a.